Sawu a Bakin Teku

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko ta ina. A cikin Tekun Atilantika, kamar mil 350 yamma da Dakar ta ƙasar Sanigal, akwai waɗansu tsibirai goma da a ke kira Cabo Verde, tara daga cikinsu ke da mutane. Sa'ad da Turawan Fotugal suka fara zama a can a 1462 ba su tarad da kowa ba, sai tsuntsaye da duwatsu. Su suka kawo bayi daga gaɓar Afirka, aka yi ta hayayyafa tsakani, har aka sami al'ummar da ke can yau, masu harshen kansu da a ke ce wa Kiriyol. Sun sami mulkin kai a 1975.

Wanda ya fi kusa da gaɓar Afirka a cikinsu shi ne Boa Vista, watau "kyakkyawan gani" da harshen Fotugal. Ƙaramin wuri ne, ko ta wane gefe aka auna shi bai kai mil 20 ba. Wanda ya ji an ce tsibiri ya kan zaci wuri ne mai duhuwar itatuwa da ƙoramu. Boa Vista ba haka ya ke ba. Rairayi ne da baƙaƙen duwatsu da awaki, sai dabino jefi-jefi. Ruwan saman da ke sauka a Kano cikin watan Agusta kaɗai ya fi wanda tsibirin ke samu a shekara guda. Ruwan da a ke sha a manyan masaukan baƙi daga teku a ke jawo shi, injuna su tace gishirin. Hazon hunturu da ke tasowa daga Sahara ya kan kai har can, ya rufe sama, ya hana jirage sauka, kamar dai yadda ya ke yi a Kano.

Da can gishiri ne arzikin wurin, shi ya sa babban garinsu a ke ce masa Sal Rei, gishiri da sarki ke nan a harshensu. Da cinikin gishiri ya mutu sai tsibirin ya koma baya, samari suka yi ta ƙaura. Sai a 2007, da aka buɗe babban filin jirgin sama a Rabil, Turawa masu gudun sanyin ƙasarsu suka fara tururuwa, aka giggina manyan masaukai a bakin teku. Amma kwalta kaɗan ce. Wanda ke so ya ga cikin tsibiri sai ya yi hayar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda aka kafa wa benci biyu a baya, direba ɗan gari ya yini yana zagawa da shi ta inda hanya ta ƙare.

To, a cikin wani watan Agusta, lokacin dogon hutun makaranta, wani iyali daga Kano suka sauka a tsibirin nan, su biyar. Akwai maigida da uwargida, da babbar 'yarsu, da ƙanenta saurayi ɗan jami'a, da 'yar jikarsu mai shekara bakwai. Babbar 'yar ce ta ɗauki nauyin tafiyar. Ma'aikaciyar asibiti ce, ta yi shekara biyu tana tari don ta kai iyayenta su huta, ta kuwa zaɓi wurin nan don ƙasar tana cikin ƙungiyar ECOWAS, ba a sha wahalar neman biza ba.

Shi Alhaji, maigidan, tsohon direba ne. Da yaron mota ya fara a ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan ya yi shekara da shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Damagaram da Agadas, har ya sha tsallaka Tenere zuwa Bilma. Daga baya Allah ya buɗa masa, ya sayi motocin kansa, ya bar sitiyari. Saurayin nan ya tashi ne ya ga ubansa ana tuƙa shi, yana zaune a baya cikin babbar riga. In an tambaye shi sana'ar mahaifinsa a makaranta, ɗan kasuwa ya kan ce, ba ya ƙara kome a kai. Babbar 'yar kuwa 'yar fari ce, saboda haka akwai kunya tsakaninta da iyayen, ba su kama sunanta. Jikar ce Alhaji ke kira Amarya, Hajiya ta kira ta kishiya, ita uwar sai ta zama Uwar Amarya. Abin da ya ƙara wa tafiyar armashi shi ne, duk cikinsu ita ta fi sakin baki da Ingilishi, watau duk maganar da Alhaji zai yi da mutanen wurin sai ta bi ta bakin 'yar da ko hira bai saba yi da ita ba.

Ran da aka kawo shawarar yawon akori-kura, Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah! Ni da aka yi shekara ashirin ana biyana in sha ƙura, yau ni zan biya a shayar da ni?" Amma Amarya ta kafe sai an je, ango kuwa ba ya ƙetare maganar amarya.

Da sassafe mota ta zo. Direban wani matashi ne siriri, mutumin ƙauyen Fundo das Figueiras a arewa maso gabashin tsibirin. Kafin kowa ya hau, Alhaji ya tattare riga ya zaga motar. Ya daddanna tayu da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashi, ya duba safaya da jak. Ya ga shebur ɗaya, da jarkar ruwa ɗaya, da famfon ƙafa. Bai ga irin faranti na ƙarfe masu huda-huda da a ke shimfiɗa wa taya in mota ta kafe a rairayi ba. Ya ce, "Uwar Amarya, tambaye shi ina farantansa." Direba ya ɗaga kafaɗa ya ce masu motar ba su saya ba, ya faɗa har ya gaji. Saurayi ya kau da kai, don a ganinsa Baba yana ba su kunya ne a gaban mutane.

Suka kama hanya. Daga Rabil kaɗan kwalta ta ƙare, aka hau tsohuwar hanya ta duwatsu. Wannan abin kallo ce. Baƙin dutse ne aka farfasa kamar girman dunƙulen hannu, aka jera ɗaya bayan ɗaya da hannu, mil bayan mil. Ba ta narkewa da rana, ba ta bukatar inji wurin gyara, amma wanda ke zaune a bayan akori-kura sai ya ji haƙoransa suna kaɗawa. Suka tsaya a Viana, wata 'yar hamada ta farin rairayi wanda iskar arewa maso gabas ke turowa daga gaɓa zuwa cikin tsibiri. Yara suka hau tuddai suna gangarowa, saurayi yana ta ɗaukar hoto. Alhaji ya dubi iyakarta gaba da baya ya ce wannan ai tabarmar salla ce in an gwada da Tenere. Daga nan suka leƙa gaɓar arewa, inda wani jirgin ruwan kaya na Sifen mai suna Cabo Santa Maria ya kafe a 1968. Mutanen tsibirin sun daɗe suna jidar kayansa da jakuna. Abin da ya rage yanzu ɗan ƙwarangwal ne mai tsatsa, teku tana ci a hankali.

Azahar ta yi musu a ƙauyen direba. A nan aka haifi Aristides Pereira a 1923, wanda ya zama shugaban ƙasarsu na farko, daga 1975 zuwa 1991. Gidaje ne ƙanana masu fenti kala-kala, titi ɗaya, shiru kamar an yi shara. Abincin ƙasar shi ne kacupa, dafaffen masara da wake, kusan dambu kusan fate, amma sau da yawa da naman alade a ke haɗa shi, don haka Uwar Amarya ta riga ta roƙa a yi musu da kifi. Hajiya ta ɗanɗana cukun awakinsu ta ce ya yi kama da na Buzaye, sai dai wannan ɗanye ne. Da suka nausa kudu wajen Ervatão, sai ga wata ƙatuwar kuka tsaye a fili. Hajiya ta sa aka tsaya, ta sauka ta dafa ta kamar ta ga 'yar'uwa. Ta tambaya ko suna miya da ganyen. Direba ya ce a'a, 'ya'yan kawai su ke jiƙawa su sha. Hajiya ta riƙe baki ta ce, "Mutane da yunwa ta sha kashewa, ga miya a tsaye ba su sani ba!"

Bayan kuka hanya ta koma sawun taya biyu kurum a bayan gaɓa. Tun da safe saurayi ke roƙon direba ya saki sawun nan ya hau tudu a guje, irin yadda ya gani a majigi, direba kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da bin sawu. Wannan ne abu na farko da ya sa Alhaji ya fara ganin girmansa. A Tenere, in ji shi, wanda ya bar sawun na gaba don ya nuna gwaninta, ƙasusuwansa a ke tsinta.

Wajen ƙarfe uku, a wani kwari da ya karkata wajen teku, suka tarar iska ta kwaso rairayi ta zuba a kan hanya. Irin wannan wuri da ɗan gudu a ke shigarsa. Amma Hajiya ta riga ta yi ƙorafin bayanta, direba ya rage tafiya, sai mota ta shiga a sanyaye, ta yi nishi, ta zauna. Ya taka totur sau ɗaya, tayu suka yi ta juyawa a wuri guda. Alhaji ya buga rufin mota da tafin hannu ya ce, "Tsaya!" Direba ma ya riga ya ɗage ƙafa, don kowa ya san rairayi ya san mai taka totur kabarin motarsa ya ke haƙawa. Suka sauka suka duba, cikin mota ya kwanta a ƙasa.

Wurin ba kowa. Wayar hannu ba ta kamawa. Ruwan da ya rage rabin jarka ne da 'yan kwalabe. Hajiya kuwa tana da ciwon suga, maganinta na yamma yana masauki. Alhaji ya tsaya ya auna wurin da ido. Hancin mota yana duban gangare, daga nan zuwa bakin ruwa bai fi taku ɗari biyu ba, teku kuma ta janye, ta bar jiƙaƙƙen rairayi mai tauri kamar daɓe. Ya ce, "Uwar Amarya, gaya masa a haƙe gaba kaɗan, a gangara bakin ruwa, a bi gaɓa har inda ƙasa ta yi ƙarfi a hau. Aikin minti goma ne. In ya ce baya za a koma, hawa ne, sai mu kai la'asar sakaliya a nan." Maganarsa kuwa daidai ce, duk wani tsohon direba abin da zai faɗa ke nan.

Direba ya girgiza kai. Alhaji ya ce a gaya masa za a ƙara masa kuɗi. Uwar Amarya ta ɗan yi jim, sa'an nan ta juya maganar yadda ba za ta yi zafi ba. Direba bai amsa ba, sai ya yafuto Alhaji da hannu, suka gangara da ƙafa, sauran suna biye. Kafin su kai ruwa ya nuna masa wani sawu mai faɗin kusan yadi guda, gefe da gefe a cuccuke kamar haƙoran taya, ya fito daga teku ya hau tudu, ya juyo ya koma. Alhaji ya ce, "To, ga shi! Ya ce ba a bi da mota, wannan ba tarakta ba ce?" Sai kuma ya yi shiru, ya tsuguna. Mutumin da ya yi rabin ransa yana karatun sawu ba a daɗe ana ruɗinsa. Ya ce, "A'a. Ina 'yar'uwar tayar? Tarakta mai ƙafa ɗaya, kuma daga cikin ruwa?" Ya ɗaga kai ya duba gaɓa, sai ya ga irin sawun nan ba iyaka, wani kan wani, har inda ido ya tsaya.

Sawun kififfiyar teku ne. Mai karatu ya san kififfiyar kogi da ta tabki. Wannan babbar yayarsu ce, ƙoƙon bayanta ya kusa yadi guda, nauyinta ya kai na babban mutum. Yawancinsu a ruwan gaɓar Afirka ta Yamma su ke kiwo, amma in lokacin ƙwai ya yi, daga Yuni zuwa Oktoba, sai su ninƙayo ɗaruruwan mil zuwa yankin da aka ƙyanƙyashe su. Tsibiran Cabo Verde suna cikin wurare mafiya girma a duniya da irin wannan kififfiya ke ƙwai, Boa Vista kuwa ya fi sauran duka. Da dare uwar ke fitowa, ta ja jiki zuwa busasshen rairayi, ta haƙa rami kamar kamu guda da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai wajen tamanin, ta rufe, ta koma ruwa. Ba ta kwanci. Zafin rairayi ke ƙyanƙyashe su cikin kamar wata biyu, kuma zafin nan shi ke raba maza da mata: in ya yi yawa mata su fi yawa, in ya yi sauƙi maza.

Direba ya yi bayani, Uwar Amarya tana juyawa. Mota in ta bi ta kan rami, ko ta fasa ƙwan, ko ta danne rairayin ya yi tauri, 'ya'yan su kasa tonowa. Ko ba ta taka rami ba, kwarin da taya ke bari ya isa. Ɗan kififfiya ran da ya fito bai fi tafin hannun Amarya ba. Hasken da ke kan ruwa ya ke bi. In ya faɗa sawun taya, a wurinsa ganuwa ce, sai ya yi ta bin kwarin a tsaye har gari ya waye, ƙaguwa ko tsuntsu ko rana su gama da shi. Ko ba mota ma, masana suna ƙiyasta cewa cikin dubu da ƙyar ɗaya ke girma, ita ma sai ta yi shekara ashirin ko fiye kafin ta dawo ta yi nata ƙwan.

Bai ɓoye musu sauran dalilinsa ba. Ya ce shi kansa da naman kififfiya aka goya shi. Kakarsa ta ga yunwar 1947, wadda ita da ta farkon shekarun 1940 suka kashe dubban mutane a tsibiran, waɗansu suka sa hannu a takarda aka kwashe su zuwa gonakin São Tomé. A irin wannan shekara wanda ya kifar da kififfiya ɗaya ya ceci gidansa. Amma tun 2018 doka ta mai da kisanta da sayar da namanta da cinsa laifi, an kuma hana mota hawa gaɓar ƙwai. Ƙanensa ma yana cikin masu gadin gaɓa da dare, da albashin ya ke ci da 'ya'yansa. In aka ga sawun motar nan a bakin ruwa gobe da safe, kowa ya san wanda ya bi da baƙi ta nan yau. Ga tara, ga rasa aiki, ga kunyar ƙane.

Hajiya dai ba ta gamsu ba. Daga inuwar mota ta ce, "Alhaji, watau yanzu ƙwan kififfiya ya fi mutum?" Ba a ce ba ta da gaskiya ba. Ita ce mai ciwo, ita za ta zauna cikin rana. Da ciwon ya tashi sosai, ba mai hankalin da zai tsaya lissafin ƙwai, direban ma ya faɗi haka da bakinsa. Amma laifin na waɗanda suka karɓi kuɗin baƙi ne suka turo mota cikin rairayi da shebur ɗaya. Kuma abin lura ne, doka ta fi saurin kama ɗan direba da akori-kura, alhali fitilun manyan gine-gine a bakin teku su ma suna ɓad da 'ya'yan kififfiya, su sa su juya wa ruwa baya.

Alhaji ya daɗe a tsugune. Sa'an nan ya dubi ɗansa ya ce, "Kai, ka taɓa jin itacen Tenere?" Saurayi ya ce a'a. Ya ce, "Wata ƙaya ce guda ɗaya tal a tsakiyar hamada, a hanyar Bilma, ba wata bishiya kusa da ita tafiyar kwana da kwanaki. Ayarin gishiri sun yi zamani suna wucewa, ba mai karya reshenta ya hura wuta, ba mai barin raƙuminsa ya ci. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Duk faɗin Tenere! Gawarta tana gidan tarihi a Yamai. Ni ƙarfen da aka kafa a gurbinta na tarar, kuma ba mu taɓa wucewa ba maigidana bai tsine wa mai wannan aiki ba." Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Hajiya. Ya ce, "Baya za mu."

Daga nan ba a ƙara bukatar tafinta ba. Alhaji ya tsinci ɗan tsinke ya danna bakin bawul, iska ta fara fita, direba ya kama ɗaya gefen. Taya in an rage mata iska sai ta baje, ta hau kan rairayi maimakon ta yanka shi. Alhaji ba shi da ma'auni, da ido ya ke duban kumatun taya, in ya ɗaga hannu direba ya saki. Suka karɓi shebur bi da bi, saurayi kuwa aka ce ya kwanta ya yashe ƙarƙashin mota da hannu har sai ya hango haske ta ɗaya gefen. Da fari yana yi yana duban rigarsa. Da ya ga tsoho ɗan shekara sittin da biyar ya durƙusa yana haƙa ba ya ko ɗaga kai, sai ya manta da riga. Aka sami faffaɗan dutse aka ɗora jak, aka ɗaga ƙafa ɗaya, aka cusa duwatsu a ƙarƙashi, aka sauke, aka koma ta gaba. Uwar Amarya da 'yarta suna jido duwatsu a gyale. Aka ciro shimfiɗun roba na cikin mota aka jera a bayan tayu. Hajiya tana rabon ruwa da murfin kwalba, kamar mai rabon turare, ba wanda ta ba fiye da maƙwarwa uku.

Sun fi sa'a guda a kan wannan. Da aka gama, direba ya dubi Alhaji, ya dubi hawan, ya dubi ƙwanjinsa, sai ya zare mabuɗi ya miƙa masa da hannu biyu. Shi ya fi ƙarfin turi, tsoho kuwa ya fi sanyin ƙafa. Alhaji ya yi bisimilla ya zauna. Ya gyara kujera, ya laluba ƙaramar giya, ya miƙe sitiyari sak. Bai taka totur ba sai kamar mai taka ƙwai. Ya saki kuloci kaɗan mota ta motsa baya, ya bar ta ta dawo, ya sake, ya sake, tana lilo kamar ana rarrashin jariri, ko wane zuwa tana ƙara taki guda. A na biyar ya ce, "Ku tura!" Ta hau robar, ta hau duwatsu, ta yi ta ja da baya a hankali ba tsayawa har ta kai ƙasa mai ƙarfi. Amarya ta yi ta tsalle tana cewa angonta ya iya mota. Saurayi yana tsaye, rairayi har cikin gashinsa, yana duban ubansa ta tagar mota bai ce kome ba.

La'asar ta yi. Hajiya ta yi shakkar alwala da ruwan gishiri, Alhaji ya ce malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne. Direba ya bi da su ta inda ba rami, suka yi alwala a bakin ruwa, suka hau tudu suka yi salla, shi kuwa ya koma yana binne ramukan da suka haƙa a hanya don mai zuwa baya.

Suka zaga ta wata hanya mai duwatsu, suka wuce Curral Velho, wani ƙauye da fari ya kori mutanensa, sai bangaye ba rufi, da fadamar gishiri tana ƙyalli a gefe. Ba su tsaya ba. Da suka kusa hanyar kirki aka tsaya mai da iskar tayu da famfon ƙafa. Saurayi ya karɓi famfon ba wanda ya sa shi. Yana takawa ya ce, "Baba, a Tenere in kun kafe haka, ku nawa ke haƙawa?" Alhaji ya ce, "Ni da wani yaro. Wata rana sau goma sha." Ya ce, "Da lodi?" Ya ce, "Da lodi. In ta ƙi, a sauke buhu ɗari biyu, a fitar da ita, a mayar." Saurayi ya ci gaba da taka famfo.

Ana kiran magariba a agogon Hajiya suka iso masauki, ta sha maganinta a kan lokaci, ta ce ita da akori-kura sai a lahira in ana hawa. Wurin sallama Alhaji ya ba direba abin da ya yi niyyar ƙara masa tun a rairayi, ya ce a gaya masa na faranti ne, ya sayi nasa na kansa kada ya jira masu mota. Sa'an nan ya juya, ya dubi 'yarsa sosai, abin da bai saba ba, ya ce, "Uwar Amarya, tambaye shi, ana barin mutum ya ga abin nan da dare?"

Ana bari, in da mai gadi, kuma mutane kaɗan. Kashegari da dare direba ya zo ya ɗauki Alhaji da 'ya'yansa biyu da Amarya. Aka ajiye mota nesa, aka taka da ƙafa cikin duhu. Aka ce kada a yi magana da ƙarfi, kada a haska farar fitila, sai wata ja da mai gadi ke riƙe da ita. Sun yi zaman kusan sa'a biyu, Amarya har ta yi barci a kafaɗar kawunta, sa'an nan wani baƙin abu ya fito daga kumfa yana ja yana hutawa, yana huci kamar mai ɗauke da kaya. Sai da ta gama haƙa ta fara zubawa mai gadi ya yafuto su ta bayanta. Ƙwan farare ne, ƙulu-ƙulu, masu taushin ɓawo kamar fata, suna faɗowa bibbiyu, uku-uku. Alhaji ya tsuguna yana ƙirgawa a hankali da yatsu, yadda ya saba ƙirga buhu a bakin mota. Ya sami saba'in da takwas. Mai gadi ya rubuta a littafinsa, ya ce nan da mako biyu za ta iya dawowa ta sake wani ramin, waɗannan kuwa sai cikin Oktoba. Amarya ta tambaya ko za a jira. Uwarta ta ce jirginsu jibi ne.